Inda Yaro Ya Saba Zama

Litinin, 3 ga wata, da safe

Yau ma Ɗigo ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gadona, ta zaro riga ɗaya, ta ja zif, ta mayar. Haka take yi tun ranar da suka zo ita da mamanta. Tuntuni na kwashe mata durowar ƙasa, har da shimfiɗa jarida a ciki, ta leƙa ta ce, "Anti, ai ba daɗewa za mu yi ba." Yarinya 'yar shekara shida. Mamanta kuwa, Auta ƙanwata, ta shiga asibiti ba ta fito ba. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Ni na sa mata Ɗigo. Da aka haife ta can ƙetare, ƙasar babanta, aka turo mini hoto, ban ga komai a cikin zanen goyon ba sai ɗan abu kamar ɗigon biro.

Ta sake yi mini ƙorafin rediyo. Wai a gidansu ba a kwana da surutu. Na ce a gidan nan ana yi. Ban gaya mata tun daga asibiti ba na iya runtsawa in ɗaki ya yi tsit ba.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Aikin kwamitinmu, in aka sauke masa manyan kalmomi, tambaya ɗaya ce. In magana ta haɗa ƙasa biyu, dokar wa za a bi? Mutum ya yi aure a can ya rasu a nan. Ɗan kasuwa ya yi ciniki a can, kaya suka lalace a nan. Har yau ba mu da rubutacciyar doka a kan wannan, kowane alƙali da inda ya sa gaba. Shekara uku muna zama a ɗakin taron nan mai fanka ɗaya da ke kuka, ƙarshen watan nan za mu miƙa daftari. Ni aka ba babin yara. Sashe na goma sha tara nawa ne, ni na haife shi: rikicin riƙon yaro, a bi dokar ƙasar da yaro ya saba zama.

Mai buga mana takardu ya sami kwamfuta mai haruffa masu ƙugiya, sai ya kama raba ƙugiya kamar sadaka. Yau aka raba kwafi, sai ga shi an rubuta "inda yaro ya saɓa zama". Farfesa ya gyara murya, abin da yake yi ke nan kafin ya cuci mutum, ya ce, "Ashe Barista dokar yara marasa jin magana kika rubuta mana." Har Shugaba sai da ya cire tabarau ya share ido. Ni ma na yi dariya. Ita ce ta farko tun wancan lokacin, sai na ji kamar na yi laifi.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

An kawo sammaci gida. Baban Ɗigo ne. Yana roƙon kotu ta mayar masa da 'yarsa.

Hajiya, mahaifiyarmu, ta karɓi takardar da hannun hagu, ta ajiye a kan firij, ta ɗora kwano a kai.

Juma'a, 7 ga wata, da yamma

Yaya, babban wanmu, ya zo. Ya zauna a kujerar Baba, abin da yake yi ke nan in yana son a san shi ne babba. Ya ce in yi musu bayani da Hausar mutane, ba ta ofis ba.

Na yi. In dokarmu aka bi, uwa ta rasu, kaka ta wajen uwa ce a gaba, Ɗigo ta zama ta Hajiya. In dokar ƙasarsu aka bi, uba ne a gaba, ba wata doguwar magana. Duk shari'ar a kan wannan take, dokar wa.

Hajiya ta ce, "To dokarmu mana. A nan take ci, a nan take kwana."

Na ce, "A can aka haife ta, Hajiya. Makarantarta a can take, ƙawayenta a can. Jinya ce ta kawo su."

"Ke lauyarmu ce ko tasa?"

Yaya ya ce ai shi bai ga abin tashin hankali ba, tunda mai rubuta dokar tana cikin gida. Ya faɗe ta kamar wasa, amma bai yi dariya ba.

Lahadi, 9 ga wata, da safe

Jakar tana nan.

Talata, 11 ga wata, da yamma

Mun je kotu. Alƙali ya juya takardu, ya ce shi bai ga dokar da zai dafa ba, tsofaffin hukunce-hukunce kowanne da bakinsa. Tunda ya ji kwamiti zai kammala daftari a watan nan, zai jira ya ga inda masana suka karkata, ko da bai zama doka ba tukuna. Da ya ce "masana" sai da lauyan ɗaya ɓangaren ya waiwayo ya dube ni.

Baban Ɗigo ya rame. Rigarsa ta yi masa yawa a wuya. A bakin ƙofa ya rusuna ya gaida Hajiya, ta amsa wa bango. Ni ya ce mini, "Yaya, ina wuni," kamar yadda ya saba kirana tun ranar da Auta ta fara kawo shi. Na so ƙwarai in ga wani mugun abu a fuskarsa. Ban gani ba.

Auta ba ta taɓa cewa ya yi mata wani abu ba. Ba ta kuma ce bai yi ba. Ta dai zo da akwati biyu da yarinya da ciwon da ta ɓoye mana. Kowa a gidan nan ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

Laraba, 12 ga wata, da rana

Farfesa ya dawo da tsohuwar maganarsa. Yana son a ƙara layi ɗaya a sashena: duk yaron da ya yi wata shida a ƙasar nan, a ɗauka a nan ya saba zama, a bi dokarmu. Wai "saba" kalma ce mai santsi, alƙalai lissafi suke so. Ya ce, "Wa zai auna sabo? Da sikeli?"

Shekara uku ina yaƙar layin nan. Sau biyu ina kayar da shi. Yau da ya karanta shi sai na ji kunnuwana sun yi zafi, domin Ɗigo ta haura wata shida a gidanmu. In layin ya shiga, alƙali ba zai sha wahala ba.

Shugaba ya ce, "Barista, ba ki ce komai ba." Na ce maƙogwaro ke damuna. An sa ƙuri'a sati mai zuwa, ranar Alhamis.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Na shiga ofishin Shugaba na gaya masa komai. Tsohon alƙali ne, irin waɗanda in suna sauraron ka sai ka ɗauka barci suke. Da na gama ya ce ya sani, gari ba shi da girman da nake zato. Ya ce in na so in janye daga ƙuri'ar, ba wanda zai ga laifina, hasali ma yabo za a yi mini. In na so in zauna, tunda na bayyana, shi ba zai hana ni ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na janye fa?"

Ya ce, "Kin fi ni sanin lissafin ɗakin nan."

Na sani. Kullum da ƙuri'a ɗaya muke kayar da Farfesa, tawa ce kuma. In na tashi na fita da mutuncina, kowa yana cewa kai, matar nan akwai gaskiya, layin zai wuce, Ɗigo ta zauna. Ban taɓa ganin abin da ya yi kama da gaskiya ya kuma yi mini daɗi haka ba. Shi ya sa nake jin tsoronsa.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

Kotu ta ba shi damar ganin ta, ya zo. Tana jin muryarsa a ƙofa ta watsar da cokali ta ruga, har ta yi tuntuɓe da takalmin Hajiya. Ta ɗale wuyansa tana ta zuba da harshensu na can, wanda ban san tana riƙe da shi haka ba. Ta tambayi kyanwarsu. Ta tambayi wata malama. Ta tambaya ko an taɓa mata gadonta.

Na kai masa ruwa. Ya ce, "Yaya, ba raba ku nake so in yi ba. Ita kaɗai ta rage mini."

Na ce, "Mu ma."

Da ya tafi Ɗigo ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta zauna a ƙasa kusa da gado. Hajiya ta bi ta tana tsokana, "Ƙawata, kin ga saurayi kin manta da ni ko?" Ta ce, "Kaka, ke ai kin tsufa."

Lahadi, 16 ga wata, da rana

Ban san wa ya gaya wa Yaya maganar ƙuri'a ba. Ya tare ni a kicin, ya rufe ƙofa.

"Ba mu ce ki yi ƙarya ba. Ba mu ce ki sa hannu a komai ba. Ki yi ciwon kai ranar Alhamis, shi ke nan."

"Yaya, dokar ba ta Ɗigo kaɗai ba ce."

"To ta wa ce? Ta 'ya'yan da ba ki sani ba? Ki dubi tsohuwar nan. Ta binne autarta. Ki je ki gaya mata kalma ce ta fi ƙarfinki."

Ya ƙara wata magana a kan wadda ba ta haihu ba, da abin da ba za ta taɓa ganewa ba. Ba zan rubuta ta ba. Ya ba ni haƙuri kafin ya fita, amma ta riga ta shiga.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Aiki ya yi yawa. Ina fita Ɗigo ba ta tashi ba, ina dawowa ta yi wanka ta ci abinci. Hajiya ke shirya ta yanzu. Ina durƙusawa in leƙa ƙarƙashin gado kamar mai neman ɓera. Jakar tana nan, zif a rufe.

Talata, 18 ga wata, bayan azahar

Wata mata ta hana ni sakat yau, ita kuwa ba ta ma san ina yi ba. Bara ne, lokacin da muka zagaya jin ra'ayin jama'a. Ta zo da jan mayafi, ta zauna a layin baya har aka kusa tashi. Mijinta ya tafi da 'ya'yanta maza biyu ƙasarsu, wai hutun makaranta. Ƙasar tana da irin layin Farfesa. Ya yi ta ja mata rai, yau ciwo, gobe mota ta lalace, har wata shida ya cika, sannan ya shigar da ƙara a can. Ta ce mana, "Ba sace su aka yi ba fa. Jira kawai aka yi."

Ranar na dawo na gaya wa Auta a waya, ina ta kumfar baki, na ce muddin ina kwamitin nan ba za a mayar da ƙasarmu wurin jira ba. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ke dai da zafin kai."

Mu ba jira muka yi ba. Jinya muka yi, sannan zaman makoki. Na faɗa wa kaina haka yau ya fi a ƙirga. Amma layin ba zai san bambanci ba, lissafi kawai ya iya.

Laraba, 19 ga wata, da safe

Kaina yana ciwo da gaske. Wannan wace irin wauta ce.

Alhamis, 20 ga wata, bayan la'asar

Na je.

Kafin in fita na sake leƙawa. Na ce wa kaina, yarinyar da ba ta yarda ta sauke kayanta ba, ai ta gama ba da shaida. Ita ta san inda ta saba, ba ni ba, ba Farfesa ba. Da wannan na ɗaura ɗankwali.

Na bayyana wa kwamiti cewa ina da shari'a a gida, kuma layin Farfesa ni zai taimaka. Sannan na yi maganar mai jan mayafi. Na ce sabo ba kwanan wata ba ne, alƙali ya je ya duba inda rayuwar yaro take, makarantarsa, harshensa, inda yake nufi in ya ce gida. Na zauna na sha ruwa. Aka ɗaga hannu. Layin ya faɗi da ƙuri'a ɗaya.

Farfesa ya same ni a matakala. Bai gyara murya ba. Ya ce, "Barista, wallahi saboda ke na dawo da shi." Ban san ko in gode masa ko in zage shi ba, sai na ce masa ya kula da matakalar, akwai wadda ta fashe.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Hajiya ba ta amsa gaisuwata ba. Ta sa an ajiye mini shayi a kan tebur kamar baƙuwa.

Litinin, 24 ga wata, da yamma

Yaya ba ya ɗaukar wayata. Matarsa ta turo saƙo wai in yi haƙuri, zai huce.

Ɗigo kaɗai ke yi mini magana a gidan nan. Ta ce in yi mata kitso, na ce ban iya ba sai tsifa, ta ce to in tsefe, Kaka ta kitsa. Haka muka zauna mu uku, kanta a tsakaninmu, ni da Hajiya ba wanda ya dubi wani. Ta yi ta rera waƙar tallar sabulu da ake sawa a rediyo, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba.

Alhamis, 27 ga wata, da rana

Alƙali ya yanke. Ya karanta sashe na goma sha tara da bakinsa, kalma bayan kalma, har ya yaba wa waɗanda suka tsara shi. Yarinya a can ta saba zama, zuwanta nan na jinya ne, dokar can za a bi. A miƙa ta ga mahaifinta ranar Asabar. Ya ƙara da cewa a riƙa kawo ta hutu.

Ban taɓa jin an karanta rubutuna a kotu ba sai yau.

Asabar, 29 ga wata, da yamma

Da safe na ce bari in haɗa mata 'yan abubuwan da na saya, tunda sauran kayan a shirye suke. Na durƙusa na jawo jakar da ƙarfi, ina zaton nauyin da na sani. Sai ta taho fayau har na kusa faɗuwa da baya. Na buɗe. Ba komai a ciki sai safa ƙafa ɗaya.

Na jawo durowar ƙasa, wadda na daina buɗewa don ganinta wayam yana ɓata mini rai. Ga kayan nan a jere. Riguna a gefe ɗaya, an ninke su irin ninkin yara, takalmin makaranta, 'yar tsana, hoton mamanta a can ƙasa a kan jaridar da na shimfiɗa.

Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Yaushe?"

Maganarta ta farko gare ni ke nan tun ranar ƙuri'a. Ta ce, "Washegarin da ubanta ya zo. Da kanta. Ta ce kyanwarsu ma an ba maƙwabta."

"Hajiya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kin tambaye ni? Kina can kina auna wa duniya sabo."

Ni na mayar da kayan cikin jakar. Ɗigo tana zaune a bakin gado tana kallona, tana kaɗa ƙafa. Ta ce, "Anti, ki bar mini riga ɗaya a durowata." Na bar mata mai ruwan ɗorawa.

Ta shiga mota ba gardama, ta riƙe hannun babanta, ta ɗaga mana ɗayan. Ba zan ce ba ta yi murna ba, ta yi. Hajiya ta koma ciki tun kafin a tada mota. Ni na tsaya har suka sha kwana.

Lahadi, 30 ga wata, da rana

Da na buɗe durowar nan ranar ƙuri'a, da na je? Na juya tambayar ta kowace fuska. Mai jan mayafi tana nan inda take, ba abin da ya canza mata. Ina jin da na je. Ba na so in tabbatar.

Litinin, 1 ga sabon wata, da hantsi

Mun miƙa daftari. An ɗauki hoto, an sha lemo. Kafin nan mai buga takardu ya kawo mini shafina yana murmushi, ya ce, "Barista, duba, wannan karon ba ƙugiya." Na duba. Babu. Na ce ya yi ƙoƙari.

Laraba, 3 ga wata, da safe

Baban Ɗigo ya kira ina shirin fita. Sun isa lafiya. Ta ga malamarta, ta ga gadonta, tana cin abinci. Sai ya ce, "Yaya, don Allah wata tambaya. Ba ta yin barci. Wai sai an kunna rediyo ƙasa-ƙasa an bar shi har safe. Na kunna mata, ta ce ba wannan ba. Ta ce haka ta saba."

Hajiya tana bayana da kofi a hannu, ta ji komai, don na sa wayar a fili.

Na gaya masa sunan tashar da lambarta. Na ji yana murɗawa, shuuu, shuuu, ya wuce ya dawo. Can na jiyo muryar Ɗigo daga nesa tana cewa ya ƙara gaba kaɗan.

Ya ce, "Yaya, ba ta kamawa a nan."